Yaya, batun solar da kac ce in aiko daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya zafin Sakkwato? A gaishe min da Inna da kyau, a ce mata ina nan lahiya, sanyi kawai ad damuwa. Na ji saƙon murya da ka turo kan motar Baba da kullum batir ke mutuwa in ta kwana biyu ba a tada ta ba, da batun cajin wayoyi in an ɗauke wuta, kac ce in sayo ƙaramin fanel na sola in ba mai tahowa gida. To ni dai na ce a dakata tukuna, ka ji abin da nig gani nan.

Watan Nuwamba na sayi irinshi, mai wat 20, Yuro 40 da 'yan kai, don ita ma tsohuwar motar da nike zuwa aiki da ita sanyi na kashe mata batir. Wallahi Yaya kayan ba laihi, kwali shina da takarda da anka rubuta komi da komi, bolt nawa, am nawa, kuma da na sa mitar gwada wuta rana guda da anka samu haske na ga abin ya kusa da abin da sunka rubuta. Nan in ka sayi kaya ta intanet kana da kwana 14 ka maida in bai yi maka ba, ba wani dogon bayani, kuma doka ta ɗora ma mai shago alhakin kaya har shekara 2 in da aibi cikinsu. Ka tuna wanda munka sayo kasuwa bara waccan, anka rubuta mai wat 50 a baya amma girmanshi bai kai allon makarantar allo ba, da munka koma yaron shagon yac ce kaya in sun hita sun hita? To nan babu wannan.

Sai dai hwa kaya masu kyau, rana babu. Nan Hambog watan Disamba rana ba ta hitowa sai bayan ƙarfe 8, kahin ƙarfe 4 da rabi duhu ya yi, kuma ko cikin wannan ɗan lokacin gajimare ne ya ruhe sama awa an kife ƙwarya. Na aje fanel ɗin gaban gilashin mota sati guda cur, na zo na murɗa makulli, ƙas ƙas kawai. Maƙwabcina wani dattijo mai gyaran keke yana ta dariya, shi yan nuna min ban da rashin rana akwai kuskuren da na yi: na soka wayar cikin ramin kunna sigari, alhali motoci da yawa in ka zare makulli wannan ramin mutuwa shika yi, ke nan dut satin nan ba abin da yash shiga batir. Sai da munka maƙala kai tsaye bisa kan batir, ja ga mai alamar tarawa, baƙi ga ɗayan. Kuma gilashin mota ma na rage hasken.

Abin da ke ba ni haushi ke nan, ranar da Sakkwato ke samu a shekara ta kai ninki biyu na ta nan, amma nan ne kake ganin fanel rataye ga baranda gida bayan gida. Tun 2024 gwamnati ta yarda mutum shi sa har wat 800 ga barandarshi, shi soka ga soket na bango kawai, rajista ce ka yi ta intanet shi ke nan. Mu ko muna da ranar da ke gasa ƙwai bisa kwano, ga fetur tun da anka cire tallahi watan Mayun 2023 janareta ya zama sai wane da wane.

Yanzu ga lissahin motar Baba. Fanel mai wat 20 shina ba da am 1 da ɗan ɗori in rana ta yi tsaka, ka ce awa 5 masu ƙarhi a yini, ke nan abin da zai tara ma batir a yini am-awa 5 zuwa 6 ne. Batirin mota ko wajen am-awa 60 shika ɗauka. In ya mutu murus sai ya yi wajen kwana 10 kahin shi cika, in ma zai cika, don batir mai ruwan asid in ya daɗe a mace farantan ciki na yin gishiri-gishiri, ba su komawa daidai. Aikin ɗan fanel ɗin ga shi ne shi riƙe batir mai rai kar shi sauka, don haka a kai na Baba wurin masu caji tukuna a cika shi a gwada. In an aje shi ya huta mita ta nuna bolt 12.6 lahiya lau, in ƙasa ga 12 ta nuna to a fara tanadin sabo.

Kuma don Allah kar a haɗa ba kwantirola, wato 'yar na'urar da ake sawa tsakanin fanel da batir ta daidaita caji. Fanel da anka ce na bolt 12 ne, in ka gwada shi ba kaya sai ka ga 20 ko hiye, batir ko bai son wuce 14.4 wajen caji. Nan da rana ba ƙarhi wasu na sakaci su tsira, can gida watan Afrilu ruwan batir zai tafasa shi ƙone. Kwantirola ɗin shi ke kuma hana wuta komawa baya cikin dare. Mai araha da ake ce ma PWM ya isa ga ƙaramin abu haka, mai tsadar da ake ce ma MPPT sai manyan faneloli, kar wani shi ci kuɗɗinka.

Wayoyi ko, wanga fanel zai cika guda 3 ko 4 a yini in an kula da shi. Amma a riƙa cika fawa bank da rana a caja waya da dare, don in gajimare ya gitta waya na yanke caji, wasu ba su ci gaba sai an zare an maida. Kuma kar yara su aje waya cikin rana gehen fanel, batirinta kumbura zai yi, a ja waya mai tsawo zuwa inuwar zaure. Shi kanshi fanel ɗin zahi na rage mai ƙarhi, a ɗaga shi daga kwano iska shi riƙa bi ta ƙasa, a kallar da shi kudu da ɗan jirkice kaɗan. Lokacin hunturu da hazo a sa ɗaya daga cikin yaran shi riƙa share ƙura da tsumma mai laushi da sahe, kahin gilashin shi ɗau zahi.

Don haka fanel ka saye shi nan gida, yawancinsu daga Chaina suke can da nan, ɗauko gilashi cikin jirgi wahala ce kawai da kuɗɗin kaya. Ni zan aiko da kwantirola mai kyau, da mita, da fawa bank guda, shi ma sai mai tahowar ya sa shi jikkar hannu don ba a bari a sa shi cikin babban akwati. Ranar da za ka kasuwa ka tahi da mitar, ka ce a hito da fanel ɗin tsakar rana, ka kira ni ta bidiyo mu gwada tare kahin ka ƙirga ko sisi. In mai shagon ya ƙi a gwada ka wuce shago na gaba.

A ce ma Inna man zahin ƙafarta na nan cikin saƙon.