Camry Mai Hayaƙi ko Corolla Mai Koɗaɗɗen Fenti: Wacce Ta Fi Dacewa da Kai?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka, bari in taƙaita ta saboda waɗanda ba su gani ba. Ɗan'uwanmu ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, iyalinsa suna Yawuri, kusan duk ƙarshen mako yana kan hanya. An nuna masa motoci biyu. Ta farko Camry ce ta 2008, wadda ake kira Muscle, mai fulogi huɗu, jiki tas, na'urar sanyi na aiki, sai dai tana hayaƙi kuma baƙin mai na raguwa. Mai ita ya ce ringi ne kawai, ya sauke naira dubu 700 daga kuɗin da ya fara yankawa. Ta biyu Corolla ce ta 2005, fenti ya koɗe, kujerar direba ta yage, amma inji shiru, kuma ta fi Camry ɗin tsada da dubu 300. Yana son sanin wacce zai ɗauka.

Ni dai Corolla zan ce maka, amma da sharaɗi, kuma ban rufe wa Camry ƙofa gaba ɗaya ba.

Mai Camry bai yi maka ƙarya ba da ya ambaci ringi. Injin da ke cikinta, mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, an san shi da shan baƙin mai, musamman na 2007 zuwa 2009. Kamfanin Toyota da kansa ya fitar wa garejinsa sanarwa a kai a 2011, kuma gyaran da ya tsara shi ne a canza fistin da ringi gaba ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, ringin da aikinsa share mai daga bangon silinda yakan cushe da dauɗar ƙonannen mai ya manne, sai man ya haura sama ya ƙone tare da fetur. Shi ne shuɗin hayaƙin da kake gani. Inda nake ja da shi shi ne kalmar "kawai". Ba a kaiwa ga ringi sai an sauke kan inji, an buɗe ƙasa, an zaro fistin. Ranar da bakanike ya buɗe ne za a san ko bangon silinda ya karce, ko metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya cinye, ko karanshaf ɗin na neman a kai shi wurin masu gogewa. Kafin ranar nan duk wanda ya faɗa maka kuɗin gyara, hasashe yake yi. Kuma motar da ke shan mai, da wuya a ce ba a taɓa tuƙa ta man ya yi ƙasa sosai ba, don ba kowa ke zaro sandar awo kullum ba. Wannan ɓarnar ba ta nunawa a hayaƙi, sai dai wata rana ka ji inji ya buga.

Ka ɗora wannan a kan tafiyarka. Daga Birnin Kebbi ka bi Kalgo, Jega, Koko har Yawuri ya haura kilomita 200, zuwa da dawowa sau huɗu a wata ya haura 1,600 ke nan, ban da zirga-zirgar ofis da kasuwa. Ma'aunin da Toyota ta sa na cewa inji ya wuce gona da iri shi ne shan kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kusan kilomita 1,900. Motar da har hayaƙinta ke fitowa ido na gani, akwai yiwuwar ta zarce wannan. Ke nan galan ɗin mai ba zai rabu da but ɗinka ba, kuma mantuwar mako biyu na iya cinye inji a tsakiyar hanya, da yara a baya, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, fiye da maganar kuɗi.

Matsalar Corolla kuwa a fili take, kana iya shafa ta da hannu. Mai fenti zai zagaya ta sau ɗaya ya faɗa maka kuɗinsa, mai ɗinkin kujera ma haka, kuma babu wanda ke tilasta maka yin su a wannan watan. Koɗaɗɗen fenti bai taɓa ajiye mutum a daji ba. Injinta 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, taiminsa na sarƙa ne ba bel ba, kamar dai na Camry ɗin, kuma ya fi sauƙin shan fetur, abin da tun cire tallafi a Mayun 2023 ba wanda ke rainawa. Kayan gyaranta ma ba sai an jira saƙo daga nesa ba. Amma kada kunne ya ruɗe ka. Mota ce mai kusan shekara 20, kuma na farko-farkon wannan injin su ma sun yi suna wajen shan mai. Ana kuma iya rufe bakin inji na ɗan lokaci da mai mai kauri ko maganin da ake zubawa a ciki. Saboda haka gwajin da za ka yi wa Camry, ita ma ka yi mata shi daidai wa daida.

Ka je da sassafe, kuma ka roƙi mai mota kada ya tayar da ita kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora bayan hannu a kan inji. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbatar fitilar inji da ta mai sun kama sannan sun mutu bayan ta tashi, domin akwai masu cire ƙwan fitilar don kada ta tona asiri. Kai ka tsaya a baya wajen salansa, wani ya tayar. Shuɗin hayaƙin da ya fito na ɗan lokaci ya ɗauke, galibi robobin bawul ne, aikin sama ne, da sauƙi. Wanda ke ƙaruwa duk sanda aka taka totur, wannan ringi ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, nozul ko wata na'urar awo, ba ciwon inji ba ne. Wanda za ka gudu daga gare shi shi ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan mota ta yi zafi, domin ruwa ne ke shiga inda wuta ke ci.

Sai ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka juya shi ka dubi cikinsa. In ka ga wani abu mai kauri fari-fari kamar kunun gyaɗa ya manne, ruwa ya haɗu da mai, gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Murfin lagireto ma ka buɗe shi tun inji na da sanyi, ba bayan ya yi zafi ba don kada ruwa ya ƙona ka, a tayar, ka zuba ido. Kumfa mai tasowa ba tsayawa alama ce iri ɗaya. Ka zura yatsa a bakin salansa kafin a tayar: busasshen baƙi ba komai, mai maiƙo yana nuna mai na ƙonewa. In ka ga fanka ta kama da zarar an murɗa makulli, an haɗa ta kai tsaye ke nan, watakila an ma cire tamostat mai daidaita zafin inji. Kanikawanmu da yawa na yin haka da sunan zafin ƙasarmu, amma wani lokaci ɓoye tarihin tafasa ne, sai ka tambaya.

Bayan nan a hau titi. Zagayen unguwa ba gwaji ba ne. Ku je Jega ku dawo da tsakar rana, da na'urar sanyi a kunne, wani na biye da ku yana kallon salansa. Da kun dawo ku bar ta tana aiki a tsaye. In fitilar mai ta fara ƙiftawa, ko ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji da ke bin totur, ka yi wa mai ita godiya ka kama gabanka, ko nawa ya rage.

Bakaniken da zai raka ka ya zama naka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin yininsa ko an saya ko ba a saya ba. Ka sa ya jona kwamfuta, sannan ya cire fulogai ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. Ana son huɗun su zo kusa da juna. In ɗaya ta faɗi sosai, ya ɗiga ɗan mai a ramin fulogin ya sake aunawa. In ƙarfin ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Mai motar da ya hana a yi wannan awon ya riga ya ba ka amsa.

To yaushe Camry za ta ci saye? In ta tsallake duk waɗannan, ba ruwa a mai, ba ƙwanƙwasa, ba tarihin tafasa, sai shan mai kaɗai. Ko a hakan, kada ka yi lissafi da kuɗin ringi, ka yi da kuɗin wani injin gaba ɗaya. Ka sa a tambayo maka farashinsa na yau a Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka haɗa da kuɗin kawowa, da na aiki, da sabon mai da tacewa, da kwanakin da za ka yi kana hawan motar haya. Tazarar da ke tsakanin motocin biyu dubu 300 ce kawai, ita za ka auna da wannan jimillar, ba dubu 700 ɗin da aka ce an sauke maka ba, tunda mai ita ne ya yanka kuɗin farkon. In tazarar ba ta rufe ba, Camry ce mai tsadar. Injin da za a sayo ma na hannu ne, daga zuriya ɗaya da wanda aka cire, don haka sai an rubuta maka kwanakin gwaji da lambar injin a rasit. Wanda ke da wata motar a gida da rarar kuɗi a ajiye zai iya wannan kasadar, ya ƙare da mota mai faɗi da daɗin doguwar tafiya, don a nan kam Camry ta fi. Kai kuwa ka ce duk abin da ka tara ne za ka zuba.

Takardu kuma duka biyun ka duba su. Jiharmu ta Kebbi na iyaka da Nijar da Benin, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan tudu, don haka ka kai takardar biyan kwastan a tantance, ka gwada lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 da wadda ke rubuce. Kada ka ba da kafin alƙalami sai bayan gwaji, kuma a gaban shaidu.

In bakanikenka ya auna silindodin, ka turo mana lambobin awon motocin biyu mu duba tare kafin ka ce ka saya. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.