RSS ko sanarwar imel: wanne ya fi ga mai bibiyar sabon bincike?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwarmu da ke karatun digiri na biyu a Shika, kusa da Zariya, ta kawo tambaya: tana bibiyar sababbin bincike kan cutar sikila da labaran wasu jaridu, saƙonnin sanarwa sun cika mata akwatin imel har wasiƙar malamin da ke duba aikinta ta ɓace a cikinsu. An ce ta koma RSS, shi ne take son sanin ko ya fi. Malama, a ganina ya fi ga irin aikinki, amma ba a kowane wuri ba.

Bambancin yana wajen wanda ke zuwa wurin wani. Sanarwar imel ɗan aike ce, duk lokacin da aka aiko shi sai ya ƙwanƙwasa miki ƙofa, ko kina tsakiyar aiki. RSS kuwa tamkar mai jarida ne da ya ware miki naki a gefe, sai kin samu sarari ki je ki ɗauka. A aikace, mujalla ko jarida tana ajiye wani ɗan fayil mai ɗauke da kanun sababbin abubuwa, da ranar fitowarsu, da taƙaitaccen bayani. Manhajar da kika saka a waya ita ke leƙa fayil ɗin lokaci-lokaci ta jera miki su, sabo a sama. Ba ki ba mujallar ko jaridar adireshin imel ɗinki ba, don haka babu mai biyo ki da talla. Ran da kika gaji da wata mujalla, goge ta kawai za ki yi, ba sai kin nemi ɗan ƙaramin rubutun nan na can ƙasan wasiƙa kina roƙon a cire sunanki ba.

RSS tsohuwar fasaha ce. Kamfanin Netscape ya fito da ita a 1999, ɗan'uwanta Atom ya samu cikakken tsari a 2005, kuma manhajojin yanzu duk suna karanta su biyun. Da Google ya rufe manhajarsa ta karanta RSS, Google Reader, a ranar 1 ga Yuli, 2013, mutane da yawa sun ɗauka ta mutu, sai jama'a suka kwarara zuwa wasu manhajojin, irin Feedly da Inoreader. Shirye-shiryen podkas da muke saurare ma, yawancinsu a kanta suke tafiya.

Ga ki da PubMed, shafin neman takardun binciken lafiya. Rubuta kalmomin bincikenki, a ƙarƙashin wurin rubutun za ki ga "Create RSS" kusa da "Create alert". Na farkon zai ba ki adireshin da za ki liƙa a manhaja, na biyun shi ne na imel, kuma sai kin buɗe asusu. Sakamakon ɗaya ne, wurin saukarsa ne ya bambanta. Jaridun da aka gina da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, kuwa, sau da yawa ƙara /feed/ a ƙarshen adireshinsu ya wadatar.

Inda nake so ki natsu shi ne batun data da wuta, domin nan ne mutumin Zariya zai iya yin asara bai sani ba. Fayil ɗin RSS ba ya riƙe komai da komai, na baya-bayan nan kaɗai yake ajiyewa. A WordPress guda 10 ne idan mai jaridar bai sauya ba. Manhajojin kuma iri biyu ne. Akwai wadda ke aiki daga cikin wayarki, irin Feeder ta Android: kyauta ce, ba ta neman asusu, tana sauke rubutun ki karanta a motar Samaru zuwa Shika ko sabis ya ɗauke. Amma idan datarki ta ƙare ko waya ta kwana biyu babu caji, jarida mai yawan labarai ta riga ta ture na baya, kuma ba za su dawo ba. Feedly da Inoreader kuwa kwamfutocinsu ne ke yin leƙen dare da rana, ko wayarki na kashe suna tara miki. Sai dai suna buƙatar asusu, kuma tsarin kyauta yana da iyakar yawan abin da za ki bi. Imel ba shi da wannan matsalar ko kaɗan: wasiƙa ta zo ta zo, tana nan tana jiranki, in dai ba ta faɗa akwatin spam ba. Wannan kam dole a ba shi.

Akwai kuma inda RSS ba ya shiga. Google Scholar, shafin Google na neman takardun bincike, ta imel kaɗai yake sanarwa, kuma shi ne zai gaya miki an ambaci wata takarda a sabon aiki. Facebook da tashoshin WhatsApp ba su da RSS. Haka nan amsar mujallar da kika tura wa takardarki, ko sanarwar sashenku, ta imel za su zo, kuma su ne bai kamata su nutse ba.

Don haka ki kwashe PubMed da mujallu da jaridu ki mayar Inoreader ko Feedly, tunda data ba kullum take samuwa ba. Ki bar Scholar a imel, ki yi masa matattara a Gmail ya riƙa wucewa wani wuri daban. Bayan kin gama jera komai, ki shiga saituna ki fitar da jerin a fayil ɗin OPML, wato fayil mai ɗauke da adireshin duk abin da kike bi, ki adana. Da shi masu Google Reader suka yi ƙaura da jerinsu a 2013, kuma manyan manhajojin nan duk suna karɓarsa.