Jakar ruwan zafin da aka sayo mini bayan cire maɗaciya

Sati biyu ke nan da aka cire mini maɗaciya a Kano, irin aikin nan na huda huɗu a ciki, ba tsagawa ba. Ɗinkin bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne kafaɗar dama da ƙasan allon kafaɗa, kamar an danna mini taɓarya. Likita ya ce iskar da ake hura wa ciki lokacin aiki ce ke taɓa wata jijiya, ciwon ya hau kafaɗa. Ya ce in riƙa ɗan takawa, in sa ɗumi a baya, ban da wajen ɗinki. Shi ne Yaya ya biya wani kemis a Dutse ya sayo jakar robar nan ja mai murfin murɗawa.

Daren farko kam sai godiya. Na sirka ruwan murhu da na randa, na naɗe ta a tsohon zane na jingina. Tun da muka dawo ƙauye ban yi barci irin na ranar ba. Har maƙwabciyata na yi wa tallarta.

Dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, zafi a cinya ya tashe ni. Ga duhu, ga ba halin zabura saboda ɗinki, sai mirginawa na yi a hankali ina ƙwala wa Inna kira. Ta haska da wayarta: katifa sharkaf, cinya jawur, da safe har bororo. "Ke ma 'yar nan, wa ya ce ki kwana a kanta?" Inna, wallahi zamewa ta yi! Da muka duba, zoben robar cikin murfin ne ya tsage. Kwana huɗu fa. Yaya ya mayar, mai shagon ya ce wai tafasasshen ruwa na zuba, kuma ba ya karɓar kayan da aka yi amfani da su. Kuɗin mota ya tafi a banza.

Ciwon kafaɗar ya lafa da kansa kafin sati. Bayan ne ke motsawa in na daɗe a tabarma, ga shi an hana ni daka da jan guga. Yanzu da tsumma Inna ke gasa mini. Katifar kuwa kwananta biyu a rana.