Rumbun tantance masu sayen kayan makamai ya kusa raba ni da babban kwastomana

Tauraro biyu na ba wannan rumbun bayanai, kuma da a kwanakin farko na yi sharhin nan, huɗu zan ba shi babu ko tantama. Ba zan kama suna ba. Duk wanda ya taɓa shigo da kaya masu buƙatar tantancewa ya san irinsu: a biya da dala shekara-shekara, ka rubuta sunan mutum ko kamfani, su gaya maka ko yana cikin waɗanda aka hana a sayar wa kayan da za a iya juyawa su zama makami.

Ni injinan ban-ruwa nake sayarwa a nan Sakkwato, da faifan sola da famfon feshi. Bara wata ƙungiyar manoman shinkafa ta wajen Goronyo ta ce tana son jirgin feshi marar matuƙi, irin mai babban tanki, don sun gaji da biyan yara suna goya famfo suna ratsa laka. Na samu kamfani a Turkiyya, muka daidaita, sai suka ce ba za su ɗaure kaya ba sai na kawo rahoton tantance mai saye da wanda kayan za su ƙare a hannunsa. Kuɗin rajistar kun san yadda dala take, ba sai na faɗa ba. Katin naira ya ƙi shiga, sai wani abokina mai asusun dala ne ya biya mini.

Da farko kam ya burge ni. Na daɗe ina jin haushin Turkawan nan, ina cewa meye haɗin maganin ƙwari da yaƙi. A rumbun na ga dalili. Akwai tsarin da ake kira MTCR, wanda aka kafa a 1987 don hana bazuwar fasahar makamai masu linzami, ƙasashe 35 ke cikinsa har da Turkiyya. Babban abin da suke tsaro shi ne duk abin da zai iya ɗaukar kilo 500 ya kai shi nisan kilomita 300. To amma can ƙasa a jerin kayansu akwai jirgi marar matuƙi mai iya tuƙa kansa, wanda tankin feshinsa ya wuce lita 20. Wanda manoman nan ke so ya wuce haka. Tunaninsu shi ne, abin da zai watsa maganin ƙwari a kan fadama zai iya watsa guba a kan gari. Ko da ban so ba, na yarda maganar tana da kai.

Daga nan abin ya zame mini kamar jaraba. In na rufe shago na yi isha'i sai in zauna ina ta tona. Na karanta yadda Abdul Qadeer Khan na Pakistan ya riƙa sayar da fasahar tace yuraniyom ta hannun 'yan tsakiya a Dubai da Malesiya, har aka tare jirgin ruwan BBC China a 2003 ɗauke da kayan da za a kai Libiya. Na rubuta Nijar, tunda daga nan zuwa Illela da ke bakin iyaka ba wani nisa ba ne, sai ga batun takardun nan da aka ce sun nuna Saddam, shugaban Iraƙi na lokacin, na neman yuraniyom daga Nijar, waɗanda hukumar nukiliya ta duniya ta bayyana cewa na jabu ne a watan Maris na 2003, ana dab da afka wa Iraƙi. Na ce lallai kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai ranar da na zo kan ainihin aikin da na biya dominsa.

Na rubuta sunan ƙungiyar, ya fito kore. Na rubuta nawa, kore. Na rubuta sunan shugaban ƙungiyar, dattijo ne da ya haura saba'in, abokin mahaifina tun suna samari, sai allo ya yi jawur. Wai akwai yiwuwar shi ne wani mutum da ke cikin jerin takunkumin Baitulmalin Amurka. A watan Maris na 2022 Amurka ta sa wasu 'yan Najeriya shida a jerin nan bisa zargin tara wa Boko Haram kuɗi, bayan kotu a Hadaddiyar Daular Larabawa ta same su da laifi. Sunayensu irin namu ne sak, sunan yanka da na uba. Na'urar ta ga biyu daga cikin sunaye uku sun yi kama, ta yanke hukunci.

Wanda ya tsara abin nan bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, na rantse. Ka shiga Kara ranar kasuwa ka ƙwala kiran "Abubakar", ka ga mutum nawa za su waiwayo. Muhammadu, Usman, Bello, Aliyu, Ibrahim, a kowane gida akwai su, wani gidan ma biyu-biyu. Ga shi kuma kowa da yadda malamin firamare ya rubuta masa nasa. In dai da kamannin suna kawai za a kama mutum, to rabin Sakkwato na cikin jerin.

Na ce ba komai, bari in buɗe bayanin wancan mutumin in gwada ranar haihuwa da lambar fasfo, magana ta ƙare. Na danna, sai ga saƙo wai cikakken bayani na masu babbar rajista ne. Wato ƙaramar rajistar da na biya ta isa ta shafa wa mutum kashin kaji, amma ba ta isa ta wanke shi ba. Wanda ya fi wannan muni, tun wajen rajista an haɗa asusuna da na kamfanin Turkiyya don su riƙa ganin rahoto kai tsaye, kuma babu inda aka tsaya a tambaye ni ko na gama dubawa. Kafin in tashi daga kujera rahoton ya isa can da jan tambarinsa. Washegari da safe imel ya shigo: sun dakatar da cinikin, sai an kawo fasfon mutumin da takardar haihuwarsa da bayanin inda ya samu kuɗi.

Takardar haihuwa, ga mutumin da aka haifa tun zamanin En'e.

Haka na ɗauki mota na tafi har gida, don ba maganar waya ba ce. Na same shi a zaure bayan la'asar, yana auna wa wasu iri. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, har ya ce, "Ɗana, hwaɗi abin da ya kawo ka." Na ce, "Baba, ranka shi daɗe, mutanen can ne ke son fasfonka, wai sunanka ya yi kama da na wani da ake zargi da taimakon Boko Haram." Ya ajiye tiyar da ke hannunsa. Ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya ce, "Wanga wane irin zance na? Ni da ɓarayin daji suka raba da gonata ta gabas, na biya kuɗin hwansar ƙanena, yau ni aka haɗawa da su?" Mutanen da ke wurin duk suka yi tsit. Ban san inda zan sa fuskata ba. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da fasfon da ya yi aikin hajji da shi a cikin leda, ya miƙo mini ba tare da ya ƙara kallona ba. A ƙauye kuwa magana ba ta kwana. Kafin sati ya zagayo har ana cewa wai Amurka na neman Alhaji.

Na rubuta wa masu rumbun na yi musu bayani dalla-dalla. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, suna gode mini da tuntuɓa, suna tuna mini cewa yanke hukunci a kan kowane sakamako alhakin mai amfani ne. Na sake rubutawa, sai wata ma'aikaciyarsu ta amsa da fara'a tana tallata mini babbar rajista. A nan ne tauraro huɗun ya fara zubewa.

Abin da ya warware matsalar kyauta ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a ya shigo shago ya gan ni na rafka tagumi. Ya ce, "Kawu, ai jerin nan Amurkawa da kansu sun sa shi a intanet, ba ko sisi." Ya buɗe shafin binciken takunkumi na Baitulmalinsu a wayarsa. Akwai ma wurin da kake jan ma'auni ka zaɓi iya kamannin sunan da kake so ya nuna maka. Ga sunan mutumin, ga shekarar haihuwarsa a fili. Ɗan cikin Alhaji ne a shekaru. Jerin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma kyauta ne, haka wanda Ma'aikatar Kasuwancin Amurka ta tattara wuri ɗaya. Muka ɗauki hoto muka haɗa da fasfo muka aika, Turkawa suka yarda. Sai dai kafin nan lokacin feshin rani ya wuce, yara sun sake goya famfo.

Bayan abin ya lafa na koma rumbun da wata tambayar. Na ce tunda wai na yaƙi da bazuwar makamai ne, bari in ga me ya sani game da makaman da ke kashe mu. Na rubuta Sabon Birni, babu. Isa, babu. Zamfara, babu abin kirki. Da na rubuta Najeriya sai ya kawo kwantena 13 na makaman Iran da aka kama a tashar Apapa a watan Oktoba na 2010, waɗanda aka rubuta kayan gini a takardunsu. Labarin gaskiya ne kuma sun tsara shi da kyau, amma ina jin don sunan Iran na ciki ne ya samu shiga. Bindigogin da suka watsu cikin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, da waɗanda ake ƙwacewa daga hannun jami'an tsaro, da waɗanda maƙera ke ƙerawa a ɓoye, ba su ne damuwarsa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ko a gefe ban gan ta ba, alhali Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya a 2013. Na san za a ce ai ba don wannan aka gina shi ba, na nukiliya ne da guba da masu linzami. To sai su rubuta haka a tallarsu, kafin mutumin Sakkwato ya canza nairarsa.

Haka kuma bai ce uffan ba kan abin da ke jiran ka a wannan ɓangaren. Jirgi marar matuƙi ba ya shigowa Najeriya sai da takardar shaidar wanda kayan za su ƙare a hannunsa, wadda 'yan kiliyarin, masu fito da kaya daga tasha, ke kira EUC, daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sannan tashi da shi sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama. Ejan ɗina na Legas ne ya gaya mini wannan, ko kati ban saya masa ba.

Ba na cewa ba shi da amfani ga kowa. Ɗalibin da ke rubutu kan shirin nukiliyar Iran ko na Koriya ta Arewa zai ji daɗinsa, haka banki mai ma'aikata da lauyoyin da za su zauna suna tace jan tambari ɗaya bayan ɗaya. Bayanin lita 20 ɗin nan ma har yau ina yi wa kwastomomi shi. Amma ɗan kasuwa irina da duk abokan hulɗarsa Muhammadu ne da Abubakar, ya fara da na kyautan. In kuma kamfanin waje ya matsa dole sai wannan, kada ka yarda a haɗa asusunka da nasu, ka riƙa sauke rahoton kana aikawa da hannunka bayan ka duba. Sannan ka nemi maɓallin sabunta rajista ka kashe shi tun ranar farko, yana can maƙale ƙarƙashin shafin biyan kuɗi da ƙananan haruffa. Abokina mai asusun dala ne ya kira ni yana faɗa, an turo masa sanarwa za a cire kuɗin shekara ta biyu.