Kujerar da aka hana Inna a jirgi

Jama'ar Ringim da kewaye, assalamu alaikum. Watan jiya na rako Inna gida bayan wata huɗu da ta yi a wurina a Birmingham ana duba gwiwoyinta. Abin da ya faru a hanya har yau yana raina.

Kun san yadda sanyin ƙashi ya yi mata, in ta yi awa ɗaya ƙafa a naɗe, tashi sai an kama. Daga Landan zuwa Abuja kuwa an fi awa shida a sama. Sai na ƙara kuɗi na saya mata kujerar bakin ƙofar gaggawa, inda ake da filin miƙe ƙafa. Da muka je wurin awon kaya, ma'aikaciyar ta dubi Inna a keken guragu, ta dubi kwamfuta, ta ce wannan kujera ba za ta yiwu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka baƙar fata da hijabi ta gani. Na ɗaga murya a gaban jama'a, Inna tana jan hannun rigata tana cewa, "Kai ɗan nan yi haƙuri, ko'ina ma zama ne."

Matar ba ta tanka ba sai da na sauko. Ta ce duk wanda aka zaunar a bakin ƙofar nan, in hatsari ya auku shi zai buɗe ta, ya taimaka wa mutane su fita. Shi ya sa ba a sa yaro, ba a sa mai rauni a jiki, ko nawa ya biya. Sai ta sama wa Inna kujerar gefen hanya mai hannun da ake ɗagawa, kusa da bayi, ni kuma ta sa ni daf da ita. Mu aka fara shigarwa kafin kowa. A ƙofar jirgi aka kawo wani siririn keke mai shiga tsakanin kujeru, mutum biyu suka ɗora ta, kuma ba su taɓa ta ba sai da suka nemi izini. Ko sisi ba su karɓa ba.

Kada ku ɗauka kirki ne kawai. Doka ce ta Tarayyar Turai tun 2006, kuma Ingila ta ci gaba da aiki da ita bayan ficewarta. Taimakon kyauta ne, ana ɗaukar wa mutum kayan taimakon tafiya har biyu ba caji, kuma dole kamfani ya yi ƙoƙarin zaunar da ɗan rakiya kusa da shi. Abin da ake so kawai, ka sanar awa 48 kafin tashi.

Da muka iso tasha a Kano kuwa, wallahi sai da na ji ƙwalla. Samari uku suka taso, "Sannu Hajiya, kawo jakar." Wata huɗu ba wanda ya ce mata Hajiya a titi, ba wanda ya tambaye ta gajiya. Wannan ba a samunsa a can. Amma da aka zo lodi, gidan gaba an riga an sayar wa wani jibgegen saurayi, aka ce Inna ta shiga baya, su huɗu a kujerar mutum uku. Na roƙe shi, na ce zan biya masa, ya kau da kai yana latsa waya. Ɗan kamasho ya ce shi ba ruwansa, kowa kuɗinsa ya biya.

Mu ma fa muna da doka. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ku duba masallatanmu da asibitocin karkara, matakala nawa aka gyara? Mu da kanmu muke gina masallaci da tudu, sannan mu ce tsoho ya daina zuwa jam'i.

Dole na ɗauki shatar mota har gida. Yanzu Baffa ne ke shirin umara a azumi, na riga na kira yaransa na ce su tsaya a kan ejan sai ya rubuta buƙatar keke a tikiti, kuma kada su yarda a saya masa kujerar bakin ƙofa.