Firefox da Inkscape: me ya sa ɗaya ta wuce 100, ɗayar ta daɗe ba ta kai 1 ba?

Ɗan'uwanmu na Samaru ya yi tambaya. Ya samu Inkscape mai lamba 0.92 a fulash, yana so ya riƙa zana tambari da katin biki da ita, sai wani ya ce masa duk manhajar da ba ta kai 1.0 ba gwaji ce kawai, tunda ga Firefox lambarta ta haura 100. Ya amince da ita ko ya haƙura?

Malam, ka yi aikinka da ita. Amma bari in jera maka su biyun, don ka ga daga ina lambobin suka samo asali.

Dukkansu buɗaɗɗun manhajoji ne, wato an bar rubutun da aka gina su da shi a fili, kowa na iya dubawa ya gyara ya raba kyauta. Kuma kowacce daga jikin wata tsohuwar manhaja ta ɓalle. Kamfanin Netscape ya saki rubutun burauzarsa a Maris 1998, lokacin da Internet Explorer ta Microsoft ke cinye masa kasuwa. Daga nan aikin Mozilla ya faro, sai dai abin da suka fitar ya yi nauyi, an cusa burauza da imel da wajen hira duk wuri guda. Wasu daga cikin masu aikin, irin su Blake Ross da Dave Hyatt, suka ware burauzar ita kaɗai. Ta fito a Satumba 2002 da sunan Phoenix 0.1. Sunan ya ci karo da na wani kamfani, aka koma Firebird, shi ma aka tarar da mai shi, sai a Fabrairu 2004 ta zama Firefox a kan lamba 0.8. Ranar 9 ga Nuwamba 2004 aka saki 1.0. Shekara biyu da ɗoriya ke nan.

Ita kuwa Inkscape daga Sodipodi ta fito, manhajar zane ta Lauris Kaplinski ɗan ƙasar Estoniya. A 2003 mutum huɗu, ciki har da Bryce Harrington da Ted Gould, suka ware don su bi ƙa'idar SVG sau da ƙafa. Wannan ƙa'ida, da hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar a 2001, ita ce ke ajiye zane a matsayin layuka da lissafi maimakon ɗigo-ɗigo, shi ya sa dagin da ka zana don katin biki zai hau allon talla a Kwangila bai fashe ba. Sun fara da 0.35, ba su kai 1.0 ba sai Mayu 2020, bayan shekara goma sha shida.

To me ya kawo wannan tazara? Firefox kasuwa take nema. Tana da gidauniya tun 2003, da ma'aikata masu albashi, da abokiyar hamayya da ta mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet. Dole ta ce wa jama'a ta kammala, har magoya bayanta suka tara kuɗi aka buga mata talla mai shafi biyu a jaridar New York Times a Disamba 2004. Lambar ɗari da ɗoriya kuma tsarin fitarwa ne ya jawo ta. A Maris 2011 tana kan 4, aka koma sakin sabuwa duk mako shida, kafin shekarar ta ƙare ta kai 9. Daga baya aka mayar mako huɗu, ta taka 100 a Mayu 2022.

Masu Inkscape 'yan sa kai ne, ba wanda ke matsa musu, kuma su suka ɗora wa kansu sharaɗi mai tsauri kafin su yarda su rubuta 1.0. Ni a wurina wannan abin yabo ne, ko da yake ya sa mutane da yawa sun raina ta a banza. Tun 2004 take iya mayar da hoto ya zama zanen layi ta hanyar wata ƙaramar manhaja mai suna Potrace, a 0.46 ta 2008 ta fara buɗe PDF, kuma taswirori da zane-zane masu yawa da kake gani a Wikipedia da waɗannan sigogi masu sifili aka yi su. Wadda ke hannunka a Janairu 2017 ta fito, bayan shekara goma sha uku ana goge ta.

Inda suka fi rabuwa shi ne zancen tsufa, kuma nan nake so ka kula sosai. Tsohuwar Firefox haɗari ce. Kullum fuskarta na kan intanet, masu kutse kuma sun san ramukan da aka toshe a sababbin sigogi, don haka kada ka shiga banki ko shafin rajistar makaranta da ita, komai ƙarancin datarka ka sabunta. Inkscape a kan fayilolinka take aiki a cikin kwamfutarka. Idan na'urar tsohuwa ce, 0.92 za ta ishe ka; in tana da ƙarfi, ɗauki sabuwa daga shafin Inkscape na ainihi.

Matsalar da za ka haɗu da ita a wajen ɗab'i take. Yawancin masu buga kati da fosta a PZ da Sabon Gari da CorelDRAW suke aiki. Inkscape tana iya buɗe wasu fayilolin CDR na CorelDRAW, amma ba ta ajiyewa a wannan tsari. Ka kai musu PDF, kuma kafin ka fitar ka mayar da rubutu ya zama zane, in ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, na iya rikiɗewa a kwamfutar da ba ta da irin harafinka. Launukanta kuma na fuskar kwamfuta ne, RGB, injin ɗab'i kuwa da CMYK yake aiki, saboda haka ka sa a buga maka gwaji ɗaya ka duba kore da shuɗi kafin a saki sauran.

Idan mai aiki yana son ganin zanen tun kafin a buga, tura masa SVG ɗin ya buɗe a burauza. Firefox ta fara karanta shi tun siga ta 1.5 a Nuwamba 2005, yanzu kuma duk manyan burauzoji suna yi.