Garin rage ƙiba da ake damawa a sha maimakon abinci: inda yake aiki da inda yake gazawa

Cikin kayan rage ƙiba da ake tallatawa a Maradi, a farmasi da kantuna da shafukan WhatsApp na mata ƴan kasuwa, garin nan da ake damawa a sha a madadin abinci yana cikin ƴan kaɗan da ke da hujja a bayansu. Sunayen kamfanonin sun bambanta, Herbalife, Forever, SlimFast da sauransu, amma abin da ke cikin gwangwanin kusan ɗaya ne: furotin na waken soya ko na madara, ɗan sukari, bitamin da ma'adinai, sai ƙamshin vanila ko cakulan. Babu wani sinadari a ciki mai narkar da kitse. Aikinsa duka shi ne ya ba ka abinci wanda aka riga aka auna.

Ga lissafin. A ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda kayan da ke shigowa daga Faransa suke bi, kofi guda na madadin abinci yana ɗauke da kalori 200 zuwa 250. Farantin shinkafa da mai da yaji kuwa, in shinkafar ta kai giram 350 kuma aka zuba mai babban cokali 2, ya taɓa kalori 700 tun ba a sa nama ba, domin man kaɗai kalori 240 ne. Wanda ya ajiye farantin ya sha kofin ya rage kalori wajen 450 zuwa 500 a rana, abin da ke sauke kimanin rabin kilo a mako. Kilo 2 da wasu ke gani sun tafi a makon farko yawancinsa ruwa ne, kuma yana dawowa da zarar an koma ga tuwo. Masu talla sun fi son hoton wannan makon.

Wajen damawa ne aka fi yin ɓarna. Ɗauki Formula 1 na Herbalife misali: awo ɗaya giram 26 ne, garin shi kaɗai bai wuce kalori 100 da furotin giram 9 ba. Sai an haɗa shi da madara mai ragaggen mai, mililita 250, wato rabin ledar ruwa, sannan ya kai kalori wajen 220 da furotin giram 18. Wanda ya dama da ruwa zalla don tattali ya sha rabin abinci ne, kuma kafin awa 2 hannunsa na cikin ledar ƙosai. Wanda ya dama da madarar gari mai cikakken mai, irin wadda ta cika kasuwa, ya cika cokali har tozo, ya ƙara ayaba da dabino don daɗi, ya haɗa kalori 500 yana zaton yana rage ƙiba. Madarar gari irin wannan kalori 500 ce a giram 100, don haka giram 25 zuwa 30 ya isa, kuma a auna a kan sikeli ko da sau ɗaya don ido ya san girmansa. Madarar gwangwani mai zaƙi kada ma ta matso kusa. Nono tsala, wanda aka riga aka kaɗe mansa, ya fi duk waɗannan dacewa da arha, muddin an dafa madarar kafin a kwantar da ita.

A fara zuba ruwan a gora, sannan garin, a rufe a girgiza sosai. In gari ya riga ruwa shiga, yakan manne a gindi ya yi gudaji. Ruwan zafi ma gudajin yake kawowa. A sha nan take. Dama shi da safe a tafi da shi shago don a sha da azahar, a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga wuta da ke ɗaukewa firigo ya huce, neman ciwon ciki ne. Gara a tafi da garin a bushe a dama a can. Da damina kuma a riƙa toshe murfin da kyau, don laima na dunƙule shi.

Ɗanɗanonsa ba laifi kwanakin farko. Na vanila ya fi jure maimaici, na cakulan ya fi saurin gundura, kuma dukansu zaƙinsu ya yi yawa ga bakin da ya saba da yaji da daddawa.

Batun cewa kofin yana hana ciye-ciye shi ne inda tallar ta wuce gona da iri. Abu mai ruwa ba ya daɗewa a ciki kamar abin da aka tauna, kuma kofin da aka shanye cikin minti 2 ba ya barin ƙoshi ya kai ga kai. Sannan ciye-ciyen mutanen Maradi ba duka yunwa ke kawo shi ba. Zama ne a bakin shago ko a fada, mai gujiya ta gifta, mai awara ta sauke robarta, da la'asar a ɗora shayi har zagaye uku. Gujiya kalori 570 ce a giram 100, wato cikin tafi 2 ya kusa kofin madadin abincin gaba ɗaya. Ƙwayar sukari guda kalori 20 ce ko fiye, kwalbar lemo ta santilita 33 kuma wajen 140. Wanda ya haƙura da abincin rana sannan ya bi waɗannan ya gudu bai tsira ba, ga kuɗin gari kuma ya tafi.

Abin da ke rage wannan matsala shi ne a haɗa kofin da abin taunawa. Kokwamba, karas, tumatir da latas, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan ba tare da an malala mai ba. A kuma tanadi abin la'asar tun da safe, dafaffen ƙwai guda mai kalori 75 da furotin giram 6, ko gwaiba, don kada yunwa ce za ta yi zaɓin. Wajen saye a duba bayan gwangwani, a nemi wanda zai ba da furotin giram 15 zuwa 20 in an dama, da abin da aka rubuta fibres, wato dusar abinci mai riƙe ciki, aƙalla giram 3.

Abincin rana ya fi dacewa a musanya, musamman ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da dama a waje yake ci. Tuwon dare da iyali a bar shi, a rage malmala a yawaita miya, domin tsarin da ke raba mutum da akushin gidansa ba ya ɗorewa. Kofi 2 a rana ana yi, amma na ƴan makonni. Daina abinci gaba ɗaya a koma ga garin kaɗai wani abu ne daban. Binciken DiRECT na Birtaniya da aka wallafa a 2017 ya yi hakan da masu ciwon sukari, kalori wajen 850 a rana na wata 3 zuwa 5, kuma kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Amma ma'aikatan lafiya ne suka tsayar musu da magunguna, suka bi su, suka mai da su kan abinci a hankali. Mai shan ƙwayar ciwon sukari ta gilibenkilamid ko mai allurar insulin da ya yanke abinci bisa shawarar mai talla, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciki, mai shayarwa, yaro da mai ciwon ƙoda, wannan gari ba nasu ba ne sai da izinin likita. Wanda madara ke kumbura wa ciki ya dama da madarar waken soya marar sukari.

Tsada ce babban aibinsa. Gwangwani mai giram 550 kofi 21 ne, mako 3 ga mai sha sau ɗaya, kwana 10 ga mai sha sau biyu. A ce jika 30 aka sayar maka, kowane kofi ya kusa jika ɗaya da rabi ban da madara. Raba kuɗin da yawan kofunan kafin ka biya. Masu sayarwa kuma sukan haɗa da shayi da ruwan alobera da ƙwayoyi su ce sai da su yake aiki. Garin ba ya buƙatarsu, kuma shayin rage tumbi da yawa filasko ne a ciki, gudawa yake sawa. Kayan da ya biyo ta Jibiya da Ɗan Issa a duba masa lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa da hatimin murfi. Wanda aka juye a leda ba suna a bar shi, don an sha kama maganin sibutiramin, wanda Turai da Amurka suka janye a 2010 saboda illarsa ga zuciya, ɓoye cikin kayan rage ƙiba marasa rajista.

Ga wanda ke da hali kuma abincin ranarsa na titi ne, wata 2 zuwa 3 da kofi guda a rana ya biya kuɗinsa, da sharaɗin ya rage sukarin shayi a lokaci guda. Wanda aljihunsa bai kai ba, kofin tsala da dafaffen ƙwai 2 da kokwamba suna ba shi furotin wajen giram 20 da kalori ƙasa da 300, kuma ya fi daɗewa bai ji yunwa ba.